Kifin Teku Mai Haske

Kwatano

Kafin kiran assalatu na bar bakin teku, riƙe da bokitin kifi ɗanye cikin ƙanƙara da ruwan gishiri. Baba ne ya roƙa. Ya tsufa yana su a tafkin Madarumfa, ga shi kwance, ido ya tafi, yana so ya taɓa kifin teku kafin ya cika. Na biya dala ɗari shida na kuɗin sefa, na hau bayan kamiyo, babbar motar kaya.

Gaya

Washegari a gadar iyaka, ɗan duwan mai binciken kaya ya sa kai ƙarƙashin tampol, inda rana ba ta shiga, ya buɗe bokitin. Sai ya ja baya yana a'uziyya.

"Wuce, malam. Ban ga komi ba."

Na leƙa. Kifin na ci da wani haske kore-kore, ba zafi, ba hayaƙi. Na shafa, yatsuna suka ɗauka. Ni da nake cika bakin ba na tsoro, na yi maza na rufe bokitin.

Doso

Fasinja suka dare suka bar ni, sai wani malamin lakwal, makarantar boko.

"Ƙwayoyin halitta ne na teku," in ji shi. "Ido bai ganinsu, kuma ba su haske sai sun taru da yawa. Gishiri ne ransu. Ruwan daɗi ya taɓa su, sun mutu."

Ban saki jiki ba, amma na yi murna. Baba ya sha faɗa mana ana ganin hasken waliyyai a bakin tafkinmu, shi kuwa bai taɓa dacewa ba.

Madarumfa

Na sauka da hantsi. Ina can ina gaisawa da maƙwabta, yayata Hajo ta yi abin da gidanmu ke yi wa kowane kifi: ta wanke shi tas da ruwan tafki. Na sa shi a ƙwarya, na ruga da shi ɗakin Baba, na rufe ƙofa. Duhu kawai. Na ji kamar in yi kuka.

Baba ya lalubi kifin, ya daɗe yana shafawa.

"Ɗan nan, rufe ƙwaryar nan hakanan. Hasken ya yi mini yawa."

Na duba, na sake dubawa, ban ga komi ba. Na rufe.

Kafin la'asar ya cika. Na gode wa Allah da ya kawo ni da sauran numfashinsa, na gode wa direban da bai jefar da bokitina ba.