Katin Alhaji Sule a Wayar Ofis

Har na bar aiki ba zan manta da wata Laraba ta goman ƙarshen azumi ba. Lokacin ina ƙaramin akawu a wata gidauniya a Nassarawa GRA, mai biya wa marasa ƙarfi kuɗin wankin ƙoda. Shugabar sashenmu Madam Saratu ce, Kirista 'yar Zariya, mai tabarau da ƙa'ida kamar tsohuwar hedimasta. A bayan idonta Madam Doka muke ce mata.

Tsarinmu shi ne mai bayarwa ya shiga shafin gidauniya, ya tabbatar adireshin namu ne, ya rubuta lambobin katinsa na banki da hannunsa. Banki ya turo masa lambar sirri, ya shigar. Mu ba ma ganin komai sai shigowar kuɗi.

Ranar na buɗe wayar ofis, wadda mu shida ke taɓawa, na tarar da hoton kati gaba da baya, har lambobi ukun nan na baya. Ƙarƙashinsa saƙon murya ne na wani dattijo, Alhaji Sule daga Gawuna. "Ku ciri abin da mara lafiya ɗaya ke bukata. In lamba ta shigo, zan karanto muku. 'Ya'yana ne suka iya shafin nan, ni kuwa ba na so su san na yi."

Daɗi ya kama ni, domin akwai wani tela, Malam Iro, da likita ya ce lallai a yi masa wanki washegari, asusunmu kuma wayam. Na ruga wurin Madam.

Ta saurara sau biyu, ta ce, "Ba za mu taɓa ba."

Na ce, "Madam, shi fa ya ba da izini. Ga rai a kwance."

"Ya ba da izini ne don bai san abin da ya miƙo ba. Fanshonsa kaf ke nan a hannun mutum shida. In muka karɓa yau, gobe ɗan damfara ya ari sunanmu, shi ma zai tura masa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ta goge hoton a gabana, ta tasa ni cikin ranar nan muka hau a-daidaita zuwa Gawuna. Ta durƙusa ta gaida shi, ta ce, "Baba, sadakar ɓoye tana da kyau, amma mabuɗin ɗakinka ka aiko mana." Ba ta tashi ba sai da ya kira banki aka rufe katin. Sabo kuwa sai bayan kwana biyu.

Washegari na je asibiti da nauyin ƙafa, don in ba iyalin Malam Iro haƙuri. Na tarar da shi a kan na'ura, ana wanki. Mai karɓar kuɗi ya raɗa min, "Matar ofishinku mai tabarau ce ta biya daga aljihunta. Ta ce kar in faɗa."

Na jingina da bango, kunya da mamaki suka rufe ni.

Ran Asabar Alhaji Sule ya zo da sabon kati. Madam ta nuna masa shafin, ta juya masa baya, ta sa ni ma na juya, ya daddanna a hankali har ya gama.

Tun daga nan nake faɗa wa sababbin ma'aikata cewa ko mai kati ya roƙe ka, kar ka kalla. Madam ta yi ritaya ba ta san na sani ba, ni ma ban taɓa yi mata zancen ba.