Direban Da Ke Auna Tudu Da Bakinsa

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shigowa, kafin mai shara. Zai buɗe gaban motar ofis ya duba baƙin mai, ya shuri kowace taya kamar mai gaisawa da su, sannan ya zauna a bakin ɗakin zane har a ce, "Baba Direba, tashi mu je." Shekara talatin da ɗaya yana kai mu duba filaye, mu ma'aikatan tsara gari. Makon jiya ya ajiye makulli.

Ni mai takardun shaida uku a bango, gara in faɗa tun wuri: ƙyashinsa nake yi.

Shekara biyu da suka wuce shugaban sashenmu ya sa wani wasan gina birni a kwamfutar ɗakin zane, wai mu riƙa wasa ƙwaƙwalwa lokacin hutun rana. Kowa fili iri ɗaya aka ba shi: tuddai uku, kwari a tsakiya, rafi a ƙasa. Ka shimfiɗa tituna, ka ware unguwanni, mutanen cikin wasan su zo su zauna, ko su tattara komatsansu su gudu.

Nawa gudu suke yi. Na ja tituna sambal kamar gidan dara, daga gindin tudu har ƙoƙuwa, yadda suke kyau a takarda. Motar shara ta kasa hawa. Motar kashe gobara kan iso bayan toka ta huce. Sau huɗu ina rushe birnin ina sakewa.

Wata rana ya leƙo ta bayan kafaɗata.

"Ranka ya daɗe, wannan titin ai sai tsuntsu."

Na tashi na ce, "To bismillah, ga kujera." Na faɗa ne don ya kunyata.

Da hannu biyu ya riƙe linzamin kwamfutar, kamar sitiyari. Mai Taswira, wadda ke fitar mana da zane, ta nuna masa yadda ake sauko da kallo har ƙasa, daidai idon mai tuƙi. Sai ya fara bin gefen tudun a hankali yana kukan inji da baki. Inda hawan ya yi tsauri sai muryar ta shaƙe, ya girgiza kai.

"A'a, nan ta nemi giya ɗaya. Da kaya ba za ta hau ba."

Ya goge, ya kwantar da titin a jikin tudun, ya sake tayar da injin. Duk hanyar da bakinsa bai hau a giya biyu ba, ba ya barin ta.

Mai Awo, abokin aikinmu mai auna filaye, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, a zuba maka mai, ko ruwa ne ya ƙare?"

"Kai dai riƙe tef ɗinka, ɗana."

Cikin wata uku birninsa ya cika maƙil. Titunansa sun nannaɗe tuddan kamar maciji a jikin itace. Kasuwa ya ajiye ta inda babbar mota za ta juya ba tare da ribas ba. Kwarin kuwa ko bukka bai kafa ba. Da na tambaye shi sai ya ce, "Gidan ruwa ne. Ko ya shekara goma bai zo ba, bai bar maka ba." Na ce wannan ai yana cikin littafi. Ya ce madalla, ashe littafin ya sani.

Bara aka ɗora min aikin gaske. Wata unguwa ce a kan tudu da motar asibiti ba ta kai wa, mara lafiya sai an goyo shi zuwa ƙasa. Mako uku ina zane ina yagawa. Daga ƙarshe na ce ya kai ni "duba fili." Muka bi tsohuwar hanyar burji da ke zagaye tudun, ni a gefensa da littafi a cinya. Duk inda ya canza giya sai in yi alama. Inda ya ce "nan da ni ne, ta can zan ɓullo," sai in yi tari in rubuta. Da wannan na zana hanyar.

Ranar da aka buɗe ta, shugaba ya dafa ni a gaban jama'a ya ce ilimi ba ƙarya ba ne. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Baba Direba yana can gefe yana goge gilashin mota.

A taron sallamarsa ni aka ba jawabi. Na ce ba ya makara. Na ce bai taɓa buge ko kaza ba. Maganar hanyar kuwa, na haɗiye ta da ruwa. Da muka zo musabaha ya riƙe hannuna ya rage murya.

"Kwana ta uku a hanyar tudun nan, da ka ƙara mata faɗi kaɗan. Amma ka yi ƙoƙari."

Ashe ya sani. Shekara guda ya sani, yana buɗe min ƙofar mota kullum.

Kai ne ka zana hanyar nan, Baba. Giya biyu maganin tudu! Matar da aka sauko da ita asibiti a kwance cikin mota, ba a bayan ɗanta ba, kai kake bin ta godiya. Abin da ke ci min rai shi ne, ko yau aka ba ni tudu, ba zan ji abin da kunnenka ke ji ba. Na gwada kukan injin a gida, mai ɗakina ta kawo min maganin tari.

Shekaranjiya na kai wa shugaba takarda cewa a sa sunanka a kan zanen. Na so in rubuta "a saman nawa," hannuna ya rubuta "kusa da nawa." Ka yi haƙuri, iya gudun da zan iya ke nan. Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau, ya sa hannu.

Na gode, Baba. Allah ya sa hutun nan ya karɓe ka. Matasa, ku san aikinku yadda ya san nasa, har ya zauna muku a kunne. Ku kuma masu takardu, in wanda ke tuƙa ku ya fi ku sanin hanya, ku faɗa yana tsaye a wurin. Na san wani da ya jira sai da aka watse, kuma kullum da safe ni nake aske masa gemu a gaban madubi.