Salkar da Ta Yi wa Motar Attahir Girma

Jama'a, Attahir yana raye!

Wallahi yana raye. Da kunnena na ji muryarsa da safen nan, ina tsaye ƙofar shago ko makulli ban ciro daga aljihu ba. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi mini haƙuri.

Attahir dai namu na tsohon gari, mai ƙera ƴan motoci da gwangwani. Wanda na sa hotonsa a shafin nan kwanakin baya, kuka yi ta rubuta Allah ya jiƙansa. To ashe yana da sauran shan ruwa a duniya. Yana Fachi, can tsakiyar sahara, a gidan wasu bayin Allah. Ya rame, muryarsa ta dushe, amma yana magana, har da tsokanar nan tasa.

Bari in natsu in ba ku labarin yadda aka gano shi, don ni kaina sai na maimaita nake yarda.

Kun san ni tela ne. Abin da wasunku ba su sani ba shi ne muna da gurup a waya, na masu ƙera ƙananan motoci. Akwai mutanen Agadez, da na Arlit, da na Damagaram, har da wasu daga Kano. Wani da gwangwanin madara yake yi, wani da waya, wani da katako. Manyan mutane masu iyali, amma in aka sa hoton sabuwar mota sai ka rantse yara ne aka saya wa alewa.

Motata ta farko da na sa a gurup ɗin ta fito kamar akwatin da jaki ya taka. An yi dariya har na yi niyyar fita. Attahir bai rubuta komai ba. Bayan la'asar sai ga shi a shagona da almakashin yankan ƙarfe a hannu, ya ja kujera ya zauna, alhali ko gaisuwa ba mu taɓa yi ido da ido ba.

Ya ɗauki motar, ya ga yadda gwangwanin ya yayyanke mini yatsu. Ya ce, "Hamidu, lanƙwashe bakin kake yi ciki. Mota ba ta cizon mai ita."

Ya bar mini almakashin nan. Yana cikin durowata har yau.

Ranar da igiyar keken ɗinkina ta tsinke ana gobe Sallah, shi ya zo ya haɗa mini ita da wata ƴar waya. Da na yi masa maganar lada, sai ya ce in ɗinka masa ƴan buhunan da zai loda wa ƴar motarsa ta ɗaukar kaya, wato kamiyo. Tun daga nan na zama telan motocinsa.

To, ga inda rigima take.

Duk motar da Attahir ya ƙera, kamiyo ce ko kat-kat mai ratsa rairayi, sai ya rataya mata salka a gefe, irin yadda direbobin sahara ke yi don iska ta sanyaya ruwa. Da guntun fatar akuya ta gaske yake yin ta, wadda yake roƙa wajen dukawa. Kuma kullum salkar ta fi ƙarfin motar. Ka ga ƴar mota tsawon tafin hannu, ga salka a jikinta kusan rabin ƙofa, ciki ya kumbura fam.

Nan Malam Bashir ya shigo.

Malam Bashir mai gyaran agogo ne a bakin kasuwa, dattijo, kullum da ɗan madubin nan manne a ido. Shi ma yana ƙera motoci, kuma gaskiya ɗaya ce, aikinsa abin kallo ne. Sai ya auna mota ta gaske da mita, ya zauna ya rage komai daidai wa daida, har kusoshin taya. A wurinsa motar da ba ta bi ma'auni ba wasan yara ce.

Attahir na sa hoto, Malam Bashir zai buɗe shi, ya ja shi da yatsu biyu har sai ya fashe, ya zagaye salkar da jan layi ya maido.

Wata rana ya rubuta: "Wagga salka in ta gaske ce, fatar raƙumi guda ce. Ba ta bisa eshel, ma'auni ya ɓaci."

Attahir ya amsa da vokal, wato saƙon murya, yana dariya: "Malam, wanda ƙishirwa ta taɓa kamawa cikin hamadar Tenere bai taɓa ganin salka ta yi girma ba."

Shi ke nan, gurup ya kama da wuta. Wasu suka ce ma'auni shi ne sana'a. Wasu suka ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Aka shigo da maganar fenti, aka shigo da maganar ko taya ta juya ko a manne ta, har wani ɗan Arlit ya tono wani tsohon zance da ba shi da haɗi da mota ko kaɗan. Ka bar waya ka je salla, ka dawo ka iske saƙonni sun taru kamar an yi gobara. Ƙarshe Malam Bashir ya fita da mutanensa suka buɗe nasu gurup.

Ni na zama jemage, ina nan ina can, kowane ɓangare yana zargina da kai rahoto.

Abin ya ba ni haushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Gari ɗaya, masallacin Juma'a ɗaya, amma mutum biyu ba sa ga-maciji saboda guntun fatar da ba ta kai babban yatsa ba. Ko da yake na lura da wani abu: Malam Bashir ya bar gurup, amma duk motar da Attahir ya gama sai ya ce in turo masa hoton. Wai don ya ga ko an gyara. Ba a taɓa gyarawa ba.

Ganina na ƙarshe da Attahir a ƙarshen damina ne. Masu sayen motocinsa sun yi ƙaranci tun da baƙi suka daina zuwa gari, sai ya samu aikin walda a wajen masu haƙar zinariya a Djado. Ya biyo ta shago da ƴar jakarsa, muka sha shayi a tsaye. Ya karɓi ƴan buhunan da na ɗinka masa, ya ce can ma ba za a rasa gwangwani ba.

Da zai tafi ya juyo ya ce, "Ka riƙa leƙa mini Inna. Kuma ka gaida mini Malam Bashir, ka ce mishi ya huta da jan layi har in komo."

Na yi dariya. Ban san maganar za ta zauna mini a ƙirji ba.

Sauran kun sani. Motarsu ta lalace a tsakiyar rairayi, ruwa ya ƙare, mutane suka watse neman taimako. An samu wasu da rai, an samu wasu babu. An tsinci jakar Attahir da wayarsa, shi kuwa babu ko alama. Aka yi nema har aka gaji, malamai suka ce a yi masa addu'a.

Mutum ɗaya ce ta ƙi, mahaifiyarsa Inna Rabi. Duk wanda ya je mata gaisuwa sai ta ba shi ruwa ya sha, sannan ta ce, "Ban ga gawa ba. Ku tahi da ta'aziyyarku." Malam Bashir ma ya je, na gan shi zaune a zaure.

Gurup biyun nan duk suka yi tsit. Ni ko almakashin ban iya taɓawa ba.

Yanzu ku saurari ikon Allah.

Shekaranjiya wani mai fataucin dabino ya sa hoto a shafinsa yana tallar kaya. Buhunan dabinon Fachi ne jere a wani tsakar gida. Ni ma na ga hoton, na wuce abina, na ce dabinon ya yi kyau. Mutane da yawa sun gani.

Malam Bashir kuwa hannunsa ya riga ya saba. A can ƙuryar hoton, bayan buhu na ƙarshe, ya hango wani ɗan abu yana ƙyalli a ƙasa. Ya sa yatsu biyu ya ja. Ya ƙara ja. Ƴar kamiyo ce ta gwangwanin tumatir, sabuwa, ko tsatsa babu. A gefenta ga salka rataye, kusan rabin ƙofa.

Ya rufe teburinsa da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ya iso shagona yana haki, madubin yana manne a idonsa ya manta bai cire ba. Ya tura mini wayar a fuska.

"Hamidu, duba nan! Duba! Wa ka yin wagga ɓarna in ba shi ba?"

Na ce, "Malam, ƙila wani ne ya koya. Ko tsohuwar mota ce wani ya saya ya kai can."

Ya ce, "Tsohuwa mi? Ga gwangwanin sabo. Kuma dubi ɗaurin bakin salkar, sau biyu ya naɗe ya soke ta ƙasa. Na yi shekaru ina kallon wanga kuskure, ni za a gaya wa?"

Muka kira mai dabinon. Ya ce shi dai ya san akwai wani baƙo a gidan, mutumin Agadez, wanda ayarin gishiri suka tsinta a hanya rai a hannun Allah, suka ɗora shi a raƙumi suka kai shi Fachi. Baƙon ya daɗe bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo, babu lambar kowa a kansa, duk suna cikin wayar da ta ɓata. Ya ba mutanen ayarin saƙo, su kuwa sai da suka wuce Bilma, yanzu haka suna hanya a tafiyar raƙumi. Sunansa ne mai dabinon bai riƙe ba.

Muka yi shawara kada mu gaya wa Inna sai mun tabbatar. Jiya na ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu. Rezo, wato layin waya, a can sai an dace, aka yi ta neman wanda zai kai masa waya da lambata.

Da safen nan vokal ya shigo.

"Hamidu, ni ne. Ina da rai. Ka tahi wurin Inna yanzu, kada ka tsaya buɗe shago."

Na zauna a ƙasa a bakin titi, ni da girmana, ina kuka ina dariya. Mai shayin da ke kusa da ni ya ɗauka wani abu ne ya same ni.

Na ɗauko Malam Bashir a babur muka nufi gidan. Na kunna wa Inna muryar. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce in ƙara. Sai ta dube mu ta ce, "Ai na hwaɗa muku," kamar wadda aka gaya wa farashin gero. Daga nan ta zauna a tabarma, ta rufe fuska da mayafi. Maƙwabta suka cika gidan, guɗa ta tashi har bakin hanya.

Muna nan aka samu layi, muka yi magana da shi kai tsaye na ɗan lokaci. Bayan ya gama da Inna sai ya tambaya wa ya gano shi. Na miƙa wa Malam Bashir wayar.

Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Attahir, salkarka ta yi girma."

Dariyar da Attahir ya yi a can sai da ta zama tari. Malam Bashir kuwa hawaye na bin gemunsa, yana ta goge madubinsa da bakin riga.

Kafin azahar an haɗe gurup biyun nan wuri ɗaya. Ɗan Arlit ɗin nan mai tone-tone shi ya fara cewa yana da ɗan'uwa direba da ya san hanyar Fachi kamar tafin hannunsa. Wani ya kawo mai, wani ya kawo taya, wani ya samo ma'aikacin lafiya da zai bi su, domin Attahir har yanzu ba ya iya tsayuwa sosai kuma yana buƙatar asibiti.

Malam Bashir ya ce da shi za a je. Mutumin da ko Iferwan bai taɓa zuwa ba, wai hanya na sa shi jiri! Muka yi muka yi, ya ce ido ya gani, ƙafa ma sai ta je.

Ɗazu na raka su tasha. Inna ta aiko da salkar gidansu, tsohuwa, cike taf, sai da mutum biyu suka ɗaga ta. Malam Bashir da kansa ya ɗaure ta a gefen motar, ya ja igiyar ya ƙara ja.

Na kasa haƙuri, na ce, "Malam, wannan fa, ba ta yi girma ba?"

Ya harare ni ta saman tabarau. Ya ce, "Wagga ta gaske ce, a ƙaro wata ma in akwai. Ta motar gwangwani ce ba ta bisa ma'auni, kuma za ni in hwaɗa mishi baki da baki."

Sun tashi. Ina tsaye har motar ta ɓace mini.

Yanzu abin da ya rage shi ne hanya. Rairayin da ya kusa cinye shi, shi za su ratsa su je, shi za su sake ratsowa da mara lafiya. Murna ta cika mini ciki, amma tsoro bai sake ni ba, kuma ba zai sake ni ba sai na ga Attahir zaune a tabarmar Inna.

Ya Allah, Kai da Ka tsare shi inda babu inuwa babu rijiya, Ka ƙarasa mana wannan alheri. Ka kai su lafiya, Ka dawo da su lafiya, Ka ba shi sauƙi. Ka saka wa mutanen ayari da mutanen gidan nan na Fachi da abin da ya fi alheri. Abokan tafiyarsa da ba su dawo ba, Ka jiƙansu, Ka ba iyalansu haƙuri.

Ku da kuka rubuta masa Allah ya jiƙansa, yau ina roƙonku wata addu'ar. Duk wanda ya karanta wannan, in ya ɗaga hannu bayan salla, ya sa Attahir da Malam Bashir da direbansu a ciki, har Allah ya kawo mana su gida.