Hatsumi da Tukunyar Dusa

Duk wanda ya san Hatsumi Obinata a unguwarmu, da warin hannunta ya santa. Ko da wane sabulu ta wanke shi, tsamin dusa ba ya fita. Tana 'yar ashirin da wani abu aka kawo ta gidan Obinata, kuma tun safiyar farko surukarta Kikuyo ta ja ta lungun kicin, ta buɗe mata wata babbar tukunyar ƙasa. Dusar shinkafa ce da gishiri, wadda ake binne kokwamba da yalo a ciki su yi tsami. Kikuyo ta ce daga gidan uwarta ta zo da ita, kuma dusa rai gare ta: kullum sai an zura hannu an juya ta har ƙasa, in an yi sakaci ta yi fumfuna ta mutu.

Yanzu Hatsumi ta haura sittin, Kikuyo ta wuce casa'in. Mijin Hatsumi ya rasu tuntuni, ya bar mata gida da uwarsa. Tsufa ya cinye wa Kikuyo ƙafafu, sannan ya shiga cin sunayen mutane, har ta koma kiran Hatsumi "amarya" kamar jiya aka kawo ta. Hatsumi ke ɗaga ta, ta yi mata wanka, ta canza mata ƙunzugu, ta dama mata shinkafa ruwa-ruwa. Tsohuwar tana da ɗiya ta cikinta a Osaka, Mitsue, wadda ke zuwa sau ɗaya a shekara da kwalin alawa, ta zauna ta sha shayi, ta ce Okasan, wato Mama, ta rame. Ba ta taɓa tambayar me ya sa matar wanta take tafiya a duƙe ba. Maƙwabta kuwa yabo suke zuba mata, wai irinta ta ƙare a zamanin nan, amma babu wadda ta taɓa cewa ta kawo tsohuwar ta riƙe mata na yini guda.

Nagase-san, ma'aikaciyar da ke tsara wa tsofaffin unguwa kulawa, ita ce ta nace. Akwai ƙaramin gidan kula da tsofaffi a bakin kogi, ana kai mutum ya yi 'yan kwanaki don mai jinyarsa ya numfasa. Ga shi yayar Hatsumi, Fusae, ta daɗe tana kiranta daga ƙauyensu na Yamagata, ta zo su shiga ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga dutse tun suna iya hawa matakala. Hatsumi ta ce mutane za su ce ta yar da uwar mijinta. Nagase-san ta ce su mutanen su zo su ɗauke ta mana. Hatsumi ta ce Okasan ba ta cin girkin kowa. Aka ce a gwada. Da hujjoji suka ƙare, sai ta nuna lungun kicin.

"Wa zai juya dusar?"

Kowace mace a garin nan ta san in ka lulluɓe saman dusa da gishiri, za ta yi kwanaki tana barci lafiya. Hatsumi ma ta sani. Kunya ce kawai take ji ta kwanta da rana alhali wata na shafa wa surukarta mai a baya.

A ƙarshen bazara bayanta ya riƙe tana tsakiyar ɗaga tsohuwar daga shimfiɗa. Suka zube tare a kan tabarma, fuska da fuska, babu mai iya tashi. Kikuyo ta yi ta kallonta, har Hatsumi ta ja jiki ta kai ga waya. Likita ya faɗa mata ba sakayawa cewa a haka ita za ta riga tsohuwar kwanciya. Sai ta yarda a kai Kikuyo, amma da sharaɗi: ba inda za ta. Tana gida tana juya dusa, tana gyara ɗakin ajiya, kuma kullum za ta leƙa bakin kogi da abinci. Nagase-san ta ce wannan ai ƙarin zirga-zirga ne, ina hutun yake a ciki? Hatsumi ta yi kamar ba ta ji ba, ta zauna ta rubuta sunan tsohuwar a jikin kowace safa da kowane tawul kamar yadda gidan ya buƙata.

Ranar tafiya mota ta tsaya a ƙofar gida. An tura keken Kikuyo har bakin ƙofa, sai ta damƙe ƙyauren ta ƙi saki. Hatsumi ta durƙusa tana lallashi, har ta fara tunanin ce wa direba ya tafi abinsa.

"Tukunyata," in ji Kikuyo.

"Okasan, tana nan. Ni zan kula da ita."

"Ke? Amarya, tun zuwanki kike ɓata min dusa. Hannu kamar na kwaɗo, ba ɗumi. A sa min ita a mota."

Direban ya kawar da kai yana danne dariya. Nagase-san ta buga wa gidan waya, aka yi 'yar muhawara, aka amince muddin ba za a ba sauran tsofaffi abin da ke ciki ba. Direba ya rungumo tukunyar, ya zaunar da ita a kujera, ya ɗaure mata bel kamar fasinja. Kikuyo ta ɗora tafinta a kan murfin. Ana shirin rufe ƙofa ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Hatsumi-san, ki gaishe da yayarki. Kada ki je mata hannu wofi."

An daɗe rabon da ta kira sunan. Hatsumi ta sunkuya wa motar, ta ci gaba da sunkuyawa har ta sha kwana. Ta koma kicin ta tarar da da'irar da gindin tukunya ya bari a ƙasa, ta tsaya a kanta hannu a sake. Da rana ta shiga jirgin ƙasa zuwa Yamagata da kwalin alawa a cinya.

Fusae ta ce ranar farko ko ruwan zafin ba su gani ba. Ƙanwarta ta kwanta "na ɗan lokaci" bayan shayi, sai washegari. Da ta farka ta zabura tana neman kicin, Fusae ta mayar da ita ta ce, "Kwanta, uwar son aiki, nan ba wanda ya aure ki." A ruwan zafi ta yi ta sansanar yatsunta, tana mamakin yadda suka koma warin sabulu.

Ta dawo ta tarar da Kikuyo ta zama shugaba a bakin kogi. Kullum da safe ma'aikata na ɗora mata tukunyar a kan tebur, tana juyawa tana yi musu faɗa. Gishiri kuwa ta zuba shi har ya wuce misali, don tana mantawa ta sake zubawa. Ranar da aka dawo da tsohuwar gida da tukunyarta, Hatsumi ta yanka kokwambar da abincin yamma, ta tauna, idonta ya kawo ruwa, ta ce ba ta taɓa cin mai daɗinta ba.

"To kin gani," in ji Kikuyo. "Yaushe motar nan za ta dawo? Dusar ta fara farfaɗowa, kada ki sake kashe min ita."

Washegari Hatsumi da kanta ta kira Nagase-san, ta ce a riƙe musu wuri a wata mai zuwa, na mutum ɗaya da tukunya.