Hoton da Kaka Take Yi wa Shiru

Jama'a, ku ji abin da Kaka ta yi mini yau!

Tun da muka gudo daga Konduga nake gwada ƙwaƙwalwarta da wata manhaja a waya. Ina nuna hotunan dangi, tana faɗin sunayensu. Amma kullum hoton Baba ya fito, sai ta yi shiru, manhajar ta rubuta wai ta manta.

Yau na kasa daurewa, na fashe da kuka. Na ce, "Kaka, ɗanki ne fa!"

Ta harare ni. "Ke Falmata, wayar ce marar kunya ko ke? Ɗan farin nawa zan kama sunansa?"

Sai ta jero mini maƙwabtanmu na Konduga, gida-gida, har da waɗanda ba su fito da rai ba.