Ƙwallon Goruba a Ƙarƙashin Tamfol

Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa ban samu aiki ba, sai na noma gero a gonar mahaifina da ke hanyar Kebbe. Na girbe, na tara dammuna a fili, kwatsam hadari ya sake haɗowa, alhali kowa ya ce damina ta wuce. Geron nan shi ne abu na farko da na taɓa samu da hannuna, kuma in ya jiƙe zai ruɓe.

Na garzaya Tambuwal wurin kawuna, mai motar ɗaukar kaya, na roƙi aron sabon tamfol ɗinsa.

"Ɗauka, ɗan boko," in ji shi. "Amma kana ji? In ka huda min shi, da fatarka nika liƙe ramin."

"In sha Allahu ba zan huda ba, Kawu. Ina dai fata."

"Bar fata, riƙe amana."

A gona na gane matsalar. Zobban ɗaure igiya huɗu ne kacal, ɗaya a kowace kusurwa. Na ɗaure su, amma iska ta dinga shiga ta gefe tana kumbura tamfol ɗin, tana yaye dammunan. Akwai ƙusa a aljihuna. Na fito da ita don in huda wurin ƙarin igiya, na tuna fuskar Kawu, na mayar.

Iska ta sake ɗagawa, na kai hannu na cafki gefen, sai na ji na riƙe wani abu mai tauri. Ashe ƙwallon goruba ne da ke ƙasa ya shige cikin ninkin, ya zame mini mariƙi. Na ɗan tsaya. Wataƙila, na ce a raina, igiya ma za ta iya riƙewa haka.

Na tsinto ƙwallaye a gindin gorubar gonar. Kowanne na tura shi ta ƙarƙashi, na tattaro tamfol a kansa, na naɗa tsumma a wuyan don kada igiya ta ci, sannan na ɗaure na ja zuwa turke. Har ruwan ya sauko ban yarda zai riƙe ba. Ya kuwa riƙe.

Da na mayar, Kawu ya ɗaga tamfol ɗin ga rana, ya bi shi kusurwa zuwa kusurwa. Bai ga rami ba, sai 'yan tattara da ya shafe da tafin hannu.

"Geron fa?"

"Da alama bai jiƙe ba, Kawu."

"Da alama! To, baɗi ka ƙara faɗin gona, tamfol yana nan."