Yaya Ajuji

Jiya na je Dandin Mahe gaisuwar rasuwa, na tarar da yayata Ajuji zaune bayan gida, kusa da inda ake zubar da shara.

Jikarta ce ta rasu, jaririya, kwana shida da haihuwa. Ita ce ta huɗu da iyayenta suka rufe.

Yaran yanzu dariya suke wa sunan Yaya. Ba su san 'ya'ya biyar mahaifiyarmu ta binne kafin ita ba. Da aka haife ta a Bodinga, sai aka ajiye ta kan juji, wai mutuwa ta zaci ba a son ta, ta wuce. Wata tsohuwa ta tsinto ta, ta maido. Nan sunan ya samo asali.

Ashe tun kafin rasuwar Yaya ta roƙi a ba ta jaririyar ta yi mata haka. Uban ya hana, ya ce camfi ne.

Na ce, "Yaya, yaron nan gaskiya gare shi. Juji bai ba da rai."

Ta ce, "Mamman, ni za ka koya ma wannan? Na sani. Amma sun kai ta asibiti, sun yi nasu. Ni hannuna biyu, ɗiya huɗu anka hita da su gabana, ban yi komi ba."

Na yi mata sallama, na hau mota.

Jama'a, wanda ya san abin da ake gaya wa irin wannan tsohuwa, ya rubuta mini. Jibi zan koma.